Ina ungulu ta shiga?

Jiya na wuce mushen jaki a bakin hanya, ya kumbura, ƙudaje sun rufe shi, amma ko ungulu ɗaya babu a sama. Muna yara, kafin la'asar sai dai ka tarar da ƙashi.

Wallahi abin ya tsaya min a rai. Tsuntsuwar da muke ƙyama ita ke kwashe mana mushe, ruwan cikinta kuma yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Yanzu guba ake sa mata, a sayar da kanta ga masu tsibbu. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun Afirka iri huɗu cikin halittun da ke dab da ƙarewa. A Indiya da ungulu ta yi ƙaranci, karnukan titi suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru.