Abin da fayilolin hayar filin mai suka koya mini a New Mexico

Bayan na gama karatu a Amurka, aikin da na fara samu a wani ƙaramin kamfanin mai ne a kudu maso gabashin jihar New Mexico, a sashen takardun filaye. 'Yan gida da suka ji an ce kamfanin mai sun ɗauka kullum ina bakin rijiya sanye da hular kwano. Alhali ni fayil nake buɗewa ina rufewa. Yawancin filayen da muke haƙa a cikinsu na gwamnatin tarayya ne, a hannun hukumar kula da filaye da ake kira BLM, wadda aka kafa a 1946. Tana riƙe da ƙasa kimanin eka miliyan 245, da ma'adinan ƙarƙashin ƙasa na kimanin eka miliyan 700. Duk mai son ya taɓa ɗigon mai ko gas a cikinsu sai ya karɓi haya, bisa dokar hayar ma'adinai ta 1920. Dokar ta ce ɗan ƙasa ko kamfanin da aka yi wa rajista a Amurka ne kawai zai riƙe hayar. Wato ni da nake wuni ina jujjuya takardun, ko eka ɗaya ba zan iya riƙewa da sunana ba.

Darasin farko shi ne karanta kwatancen fili. A can ba a cewa daga rafi zuwa gindin tsamiya. Tun 1785 aka fara yanka ƙasar gida-gida da awo: babban gida mai mil 6 a tsaye da mil 6 a kwance, a cikinsa ƙananan gidaje 36, kowanne mil ɗaya ta kowane gefe, eka 640 ke nan. Ana lissafa manyan gidajen daga wasu layuka biyu da suka gitta juna, a ce na kaza kudu, na kaza gabas. Su kuwa ƙananan, lambarsu tana farawa daga kusurwar arewa maso gabas ta nausa yamma, ta sauko layi na biyu ta juyo gabas, haka har ta kai 36. Saboda haka gida na 1 da na 12 maƙwabta ne, na 1 da na 7 kuwa akwai tafiya a tsakaninsu. Idan mai buga takarda ya sa 21 a gurbin 20 a lambar babban gida, ya ɗauke filin ya kai shi mil 6 nesa, wataƙila cikin hayar wani. Matar da ta koya mini aikin, wadda ta tsufa a cikinsa, ba ta yarda a karanta kwatance da ido kawai. Mutum ɗaya zai riƙa karantawa da murya, ɗaya yana bin taswira da yatsa. Da farko abin yakan yi kama da ɓata lokaci, sai ka ga yadda gyaran lamba ɗaya ke cin watanni bayan takarda ta shiga ofishin gwamnati.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rabuwar sama da ƙasa. A Najeriya zancen a rufe yake, tsarin mulki ya ce duk ma'adinan ƙasa na gwamnatin tarayya ne. A Amurka mutum na iya mallakar man da ke ƙarƙashin gonarsa, yana kuma iya mallakar gonar ba tare da man ba. Wata doka ta 1916 ta raba wa makiyaya filaye har eka 640 kowanne, amma gwamnati ta riƙe abin da ke ƙarƙashi. Jikokinsu suna nan suna kiwo, kuma wata rana kamfani zai zo da takardar haya daga BLM ya ce zai kafa injin haƙa a makiyayarsu. Doka ta wajabta wa kamfanin ya nemi yarjejeniya da mai filin, in ta gagara ya ajiye kuɗin lamuni saboda ɓarnar da zai yi. Na ga fayilolin da wasiƙun makiyayi a kan ƙofar shinge da hanyar manyan motoci suka fi takardar hayar kanta kauri.

Samun hayar kuwa ta gwanjo ne. Kamfani ya nuna sha'awar fili, hukuma ta duba tsarin amfani da yankin da tasirin aikin ga muhalli, sannan a sa shi a kasuwa, yanki ɗaya bai wuce eka 2,560 ba in ba a Alaska ba. Tun 1987 doka ta sa a fara da gwanjo, kafin nan yawancin filayen da ba a tabbatar da mai a cikinsu ba har ƙuri'a ake jefawa a kansu. Amurkawa suna da dalilin tsoron haya ta bayan fage. A 1922 sakataren harkokin cikin gida Albert Fall, wanda tsohon sanatan New Mexico ne, ya ba da hayar rumbun man sojan ruwa na Teapot Dome a Wyoming a ɓoye ba tare da takara ba. An same shi da laifin cin hanci a 1929, ya zama minista na farko a tarihin ƙasar da ya shiga kurkuku saboda abin da ya aikata a ofis. Kuɗin da ke yawo a harkar ba na wasa ba ne: gwanjo ɗaya na Satumbar 2018 a New Mexico ya tara kusan dala biliyan ɗaya.

Sai maganar rana. Wa'adin haya shekara 10 ne, idan an samu mai kuma tana ci gaba muddin rijiya na bayarwa. Kafin a samu, akwai kuɗin haya na shekara-shekara, kuma idan ranar ta wuce ba a biya ba, hayar ta mutu da kanta. Babu wanda zai kira ka, babu jami'in da ya yanke hukunci balle ka je ka roƙe shi. Akwai hanyar farfaɗo da ita, amma da takardar koke da ƙarin kuɗi, wani lokaci har da ƙarin kason da gwamnati ke karɓa daga man da aka haƙo. Wasu ranakun ma tsuntsu ne ke yanka su. A wasu hayoyin yankinmu an hana haƙa daga 1 ga Maris zuwa 15 ga Yuni saboda wata kazar daji da ke barbara a lokacin, sauran ayyuka masu ƙara kuma an hana su daga ƙarfe 3 na dare zuwa 9 na safe. Wanda ya ɗauko hayar injin haƙa bai karanta wannan shafin ba, zai biya kuɗin injin yana zaune.

A kusurwar kowane fom akwai wata 'yar lamba da ba kowa ke kula da ita ba. Dokar rage yawan takardu ta 1980, wadda aka sabunta a 1995, ta ce hukuma ba za ta nemi bayani daga jama'a ba sai ofishin kasafin kuɗi na fadar shugaban ƙasa ya amince ya ba da lamba, kuma amincewar ba ta wuce shekara 3. Duk lokacin sabuntawa sai hukumar ta buga sanarwa a gazet, ta faɗi abin da take tambaya da awannin da take ganin cika fom ɗin zai ci, ta ba mutane kwana 60 su yi magana, daga baya a ƙara 30. Fom ɗin da ba shi da lamba mai aiki, ba a hukunta wanda ya ƙi cika shi. Tsarin ya burge ni, gwamnati ce ke cika takarda don ta sami izinin sa ka cika takarda. Sai dai lissafin awannin bai taɓa gamsar da ni ba. Cika fom ɗin sauya hannu, wato na mayar da haya daga wani zuwa wani, ba ya cin komai. Abin da ke cin rai shi ne neman magadan wani da ya sayi ɗan kaso a haya tun zamanin kakanni, ya mutu, kasonsa ya rarrabu a jihohi daban-daban.

Wannan sauya hannun shi ne zuciyar aikin, kuma a nan na fahimci amfanin tarin takardun. Haya tana da mai suna a rajista, tana kuma da mai ikon haƙa, kowanne da fom ɗinsa, kuma ana iya sayar da ikon haƙa daga zurfi kaza zuwa zurfi kaza kawai. Dole a kai takardar cikin kwana 90 da sa hannu, kuma kafin BLM ta amince, nauyi yana kan mai sayarwa. Ko bayan amincewa, rijiyoyin da aka haƙa a zamaninsa ba su fita daga wuyansa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Dalilin shi ne rijiyar mai kamar tsohuwar mota take: babban kamfani ya more ta tana sabuwa, ta yi ta sauya hannu har ta faɗa wurin wanda ba shi da kuɗin gyara. Ranar da ta ƙafe, toshe ta da siminti da gyara wurin na iya cin dubban daloli masu yawa, wani lokaci fiye da dubu ɗari. Fayil ne kaɗai ya san wanda za a kama.

Amma na kuma ga cewa takarda na iya cika tsaf alhali babu komai a bayanta. Kuɗin lamunin haya ɗaya ya tsaya a dala 10,000 tun 1960, na duk hayoyin kamfani a jiha guda kuma dala 25,000, komai yawan rijiyoyin. Sama da shekara sittin ba a taɓa adadin ba, kowa yana cika fom daidai, hukuma tana buga hatimi. Sai a 2024 aka ɗaga su zuwa 150,000 da 500,000. Kafin nan, a 2021, majalisa ta ware dala biliyan 4.7 daga aljihun jama'a don toshe rijiyoyin da masu su suka gudu suka bari a faɗin ƙasar. Ƙananan kamfanoni irin namu sun yi kuka da sabon adadin, kuma kukan ba na ƙarya ba ne, amma ban ga yadda za a kare tsohon ba.

Hayar zafin ƙarƙashin ƙasa, inda ake haƙo tururi ko ruwan zafi a juya injin lantarki kamar a Nevada da Kalifoniya, dokarta daban ce ta 1970, sai dai fom-fom ɗin 'yan uwan juna ne. Bambancin da na riƙe shi ne rabon kuɗi: tun 2005 rabi na jiha, kashi 25 na ƙaramar hukumar da rijiyar take, saura na tarayya. A mai da gas jiha ce ke karɓar kusan rabi.

Da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022, abokaina suna ta lissafin ganguna, ni kuwa hankalina ya tafi kan fayil. Dokar masana'antar man fetur ta Najeriya ta 2021 ta wajabta wa kamfanoni buɗe asusun rufe rijiyoyi da gyara wuri bayan an gama. Abin da nake so in gani shi ne nawa ake zubawa a asusun, wa ke sake duba adadin idan farashi ya tashi, kuma ko manomin Alkaleri zai iya zuwa wani ofis ya nemi a nuna masa sunan wanda ke riƙe da filin da ke bayan gonarsa.