Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Lokacin da allura ta ɗau zafi

Makon jiya na tsaya inda Maigida ya sayo keken ɗinki na lantarki daga Kano, muka jingine mai ƙafa a lungu. Ba a jima ba korona ta shigo Nijar a watan Maris na 2020, shagonmu na kusa da babbar kasuwar Maraɗi ya koma ɗinkin takunkumi da rigunan kariya na ma'aikatan jinya.

Yadin da aka kawo mana ba saƙaƙƙe ba ne, zaruruwan roba ne aka manne da zafi, sunansa polifirofilin. Keken kuwa yana iya sara 5,000 a minti ɗaya. In na taka shi sosai sai zare ya tsinke, kuma yawanci ba cikin gudu ba, sai na ɗaga ƙafa. Na ce, "Maigida, zaren nan ba shi da kyau." Ya kwance allurar, ya yi wuf ya sake ta don zafi, ya ce, "Yaro, dubi kafarta." Roba ta narke ta toshe ta.

Duk saran da allura ta yi, gogayya ce da yadi, zare kuma yana gogar kafarta. A irin wannan gudu zafinta kan wuce digiri 200, alhali yadin yana narkewa tun wajen 165. Atamfar auduga da muka saba da ita ba ta narkewa, shi ya sa ba mu taɓa ganin haka ba. Zaren poliyesta yana tsira muddin yana wucewa. Da an tsaya, sai ya kwanta cikin kafa mai zafi ya yi laushi.

Abin da ya fi damuna shi ne hujin da allura ke bari a yadin. Gefensa ya narke ya buɗe, kamar an taɓa leda da garwashi, kuma ta nan ruwan jikin majinyaci zai ratsa ya kai ga mai jinya. Manyan masana'antu ma ba sa huda takunkumi, manne shi suke yi da injin kaɗawar sauti.

Maigida ya sa muka bar allura lamba 16 muka koma 11 wadda ta fi siriri, muka tsawaita sara, zare ya riƙa bi ta kan soso mai man silikon, gudu kuma muka rage shi ƙwarai. Da ƙidaya ake biyanmu, don haka kuɗin yini ya ragu, bai kuwa yarda an ƙara gudun ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan kawo yadda ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, ta maido mu kan keke mai ƙafa ana saura riguna da yawa.