Kwana shida a birnin Meksiko, a ƙofar gidan Televisa

Na dawo daga birnin Meksiko ranar Talata, har yanzu barcina bai daidaita ba. Abin da ya fara tarbata can shi ne numfashi: garin yana kan tudu mai tsayin mita 2,240, hawa bene biyu kawai sai ka ji kana haki kamar wanda ya yi tsere. Wani direban tasi ya yanka mini kuɗin da ya ninka na ƙa'ida, da na yi magana ya ɗaure fuska ya nuna mini ƙofa. Washegari na gane jirgin ƙarƙashin ƙasa peso 5 ne duk inda za ka. A Kano ko ɗan sahu ba zai kalle ka a kan irin wannan kuɗi ba.

Televisa ce ta kai ni, kamfanin da ya cika gidajenmu da wasannin soyayya masu dogon zango tun muna kallon akwati mai ƙusumbi. Asalinsa rediyo ne. Emilio Azcárraga Vidaurreta ya buɗe tashar XEW a 1930, ya ƙara da talabijin, tasha ta 2, a 1951. A 1955 tashoshi na 2 da 4 da 5 suka haɗe suka zama Telesistema Mexicano, a 1973 kuma aka haɗa da tasha ta 8, sunan Televisa ya fito. Ɗansa, Azcárraga Milmo, wanda ake wa laƙabi da El Tigre, wato damisa, shi ya riƙe gidan har ya rasu a 1997, jika ya hau yana ɗan shekara 29. Kafin a sayar da tashoshin gwamnati a 1993 TV Azteca ta fito, kusan su kaɗai ke cin kasuwa, kuma 'yan ƙasar ba su manta yadda gidan ya jingina da jam'iyyar PRI mai mulki a lokacin ba. Duk wanda na taɓo wa maganar sai ya girgiza kai.

Ginin labarai yana titin Chapultepec, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Balderas. Girgizar ƙasar 19 ga Satumba 1985 ta rushe wani sashensa ana tsakiyar shirin safe, ma'aikata suka mutu a ciki. Na daɗe tsaye a bakin titin.

Amma inda idona ya buɗe shi ne San Ángel, masana'antar wasannin. Mai masaukina, dattijon da ya yi shekaru yana aikin sauti, shi ya shigar da ni. Ɗakunan ɗaukar hoto manya ne kamar rumbun ajiyar hatsi, falo da ɗakin kwana da ofis jere a ciki, kowanne bango uku, fitilu rataye a sama, kyamara uku na aiki lokaci guda. Ya ciro wani ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa ya ɗora mini a tafin hannu. Da shi ake cusa wa ɗan wasa magana a kunne: wani na zaune gefe da takarda yana karanto layi, har da “juya” da “zauna”. Da haka ake iya fitar da kashi guda kullum, Litinin zuwa Juma'a, wata da watanni. Illarsa, in mai karantawa ya yi sauri ko ya yi jinkiri, za ka ga idon ɗan wasa ya tsaya cak yana jiran magana, sai a sake. Suna da makarantar horar da 'yan wasa tasu, CEA, daga aji sai gaban kyamara. Na tuna furodusoshinmu na Kannywood, masu aron gida a Nasarawa su ɗauki fim, sannan su yi ta bin tasha ko YouTube da roƙo. Nan mai labari shi ne mai ɗaki, shi ne mai tasha, shi ne mai wayar da ta shiga gidanka. Abin ya tsaya mini a rai.

Sai dai gidan ya rabu yanzu. A Janairun 2022 aka haɗa sashen shirye-shirye da Univision ta Amurka a cinikin dala biliyan 4.8, aka sami TelevisaUnivision, wadda Televisa ta riƙe kimanin kashi 45 cikin ɗari nata, kuma su ke da manhajar kallon fina-finai ta ViX. Uwar kamfanin ta tsaya da Izzi, mai intanet da talabijin ta waya, da Sky na tauraron ɗan'adam. Kulob ɗin ƙwallon ƙafa na América, wanda suka saya a 1959, da filin wasa na Azteca da mujallu da gidajen caca, an ware su a 2024 ƙarƙashin wani sabon kamfani, Ollamani.

Dattijon ya kai ni gidansa cin abinci. Da matarsa ta ji ba na cin alade, ta sauke waken da ta dafa da kitsensa ta ɗora wani da man zaitun, ba ta bari na ba da haƙuri ba. Allah ya saka musu. Mai zuwa ya riƙa tambaya, har wake da tuwon masararsu kitsen na shiga.

Filin Azteca na je ta ƙaramin jirgin ƙasa daga tashar Tasqueña. Na tarar a rufe, ana gyara saboda gasar cin kofin duniya ta 2026. Na leƙa ta shinge, na sayi hula rawaya bayan ciniki mai zafi, na juyo.