Inda na kai da koyon jita daga akwatin kaset ɗin kawu

'Yan uwa abokan koyo, sannunku da fama da tsirkiya. Tun ƙarshen damina ban kawo muku labarin inda aka kwana ba, to ga shi. Yatsun hagu sun yi kanta, zafin ya tafi, kamun F ɗin nan (kamu shi ne danna tsirkiyoyi da yawa tare don su ba da sauti ɗaya) da ke hana mu barci yanzu yana fita tas in ban yi gaggawa ba. Sai dai aikin da ya fi cin lokacina a 'yan watannin nan na hannun dama ne, kuma tarin waƙoƙin rok da nake koyo da su ne suka ja kunnena a kai.

Ga wanda bai san tarin ba, yawancinsa kaset ne da kawuna ya bar mini cikin akwatin ƙarfe. A Legas ya yi karatu a shekarun 1970, can ya kamu da son abin. Wasu na kamfani ne, da yawa kuwa kwafi ne da aka rubuta sunansu da biro a jikin kwali, har tawadar ta koɗe. Na ƙara da faifan CD da nake tsinta wajen masu gwanjo, sai kuma abin da abokai suka tura mini a memori. Babu wani tsari a ciki. Deep Purple na kwance kan Ofege, Black Sabbath na maƙwabtaka da Bombino. Da bisa shekara nake jera su, yanzu na koma jera su bisa abin da kowanne ke koya wa hannu, kuma wannan ya sa wasu da nake ɗaukakawa sun sauko ƙasa, wasu da na raina sun hau sama.

Wanda ya fi kowa hawa shi ne AC/DC. Ina yaro, in kawu ya sa su, kunnena kan Angus Young yake, mai wandon 'yan makaranta da ke zuba gudu a wuyan jita. Wansa Malcolm, wanda suka kafa ƙungiyar tare a Sydney ta Ostireliya a 1973, ko sunansa ban riƙe ba. Da na zauna zan bi kiɗan da hannuna sai na gane duk ginin a kansa yake. Kamu uku ko huɗu ne kawai, irin waɗanda kowannenmu ya iya tun watan farko. Wahalar tana wajen tsayawa. Zai bugi tsirkiya, nan take ya kashe sautin da gefen tafin hannu, ya bar gurbi mai ganga ya shiga, sannan ya dawo daidai kan bugu, kamar luguden mata a turmi ɗaya, babu taɓaryar da ke karo da 'yar uwarta. Ku gwada: ku kunna manhajar ƙidayar bugu a waya, ku sa ta a hankali, ku buga kamun A sau ɗaya, ku kashe shi tsaf kafin bugu na gaba. In kun ji wata tsirkiya na ci gaba da kuka a ƙarƙashi, da saura. Ni dai ta biyar ce ke yawan tona mini asiri.

Daga nan na koma kan Deep Purple. Kowa da ya taɓa riƙe jita ya buga farkon Smoke on the Water, waƙar da suka yi a kan gobarar da ta cinye gidan caca na Montreux a Suwizalan a Disambar 1971, ana tsakiyar wasan Frank Zappa. Akasarinmu a tsirkiya ɗaya muke bin ta, shi ya sa take fita siririya. Ritchie Blackmore, mai jitarsu, tsirkiya biyu yake tsinka lokaci guda, kuma da yatsu. Da na ajiye 'yar robar kaɗawa na sa babban yatsa da manuni, sai kaurin ya zo da kansa, ba tare da na ƙara wa lasifika murya ba. Mark Knopfler na Dire Straits ma da yatsu yake kiɗansa, amma shi na ajiye shi sai gaba, don saurin yatsunsa ya fi ƙarfina tukuna.

Ga mai koyo da tsohon kaset, akwai abin da zai kiyaye. In batir ya fara sanyi, ko igiyar kaset ta miƙe, sautin duka yakan sauka, sai ka ga jitarka da ta rediyon ba sa jituwa ka yi ta zargin kunnenka. Wani lokacin kuma makaɗin ne ya sassauta tsirkiyoyinsa da gangan. Jimi Hendrix kan sauke nasa da gaɓa ɗaya, wato tazarar ƙarfe ɗaya a wuyan jita. Tony Iommi na Black Sabbath ya wuce nan. Yana ɗan shekara 17 injin masana'antar ƙarfe a Birmingham ya datse masa kan yatsu biyu na hannun da yake danna tsirkiya da shi, ya narka robar kwalba ya yi musu huluna, ya koma sa siraran tsirkiyoyi, daga faifansu na 1971 kuma ya sauke saitin har gaɓa uku. Nauyin nan da ake ji a kiɗansu, wanda masu kiɗan metal, wato rok mai nauyi, suka gada, da hannun wannan sassautawar a ciki. Na bi saitin nasa na 'yan kwanaki, yatsu sun ji daɗi, amma a ƙaramar lasifikata sautin ya dagule, na mayar.

Pink Floyd har yanzu ina son su da dare, in gari ya yi shiru, amma ban koyi komai da hannu daga gare su ba tukuna. Queen kuwa sai dai saurare. Masu gudun tsiya na shekarun 1980, waɗanda ke zuba sauti ɗari a numfashi guda, na tattara su ƙasan akwati. Na san wasunku za su ce hassada ce. Wataƙila.

Ɓangaren da kawu ya fi ji da shi na gida ne. Ofege yaran makarantar St Gregory's ne a Obalende lokacin da suka fitar da faifansu na farko a farkon shekarun 1970, ga BLO, ga Funkees. In ya sa su yakan miƙe tsaye, ya ce mini: "Ɗana, ji jitar nan, yara ne fa kamarka." A wajensu na ji yadda jita ke iya zama ganga, ana kaɗa tsirkiyoyin a toshe ba tare da wani kamu ba, hannun dama na sama da ƙasa bai tsayawa. Minti biyu na wannan ya isa ya sa kafaɗa ta yi tsami, alamar a ƙage nake riƙe hannun. Sakin wuyan hannu shi ne maganin, kuma shi nake ta nema.

Sai makaɗan Buzaye, waɗanda kawu bai riske su a kaset ba, a memori suka zo mini. Bombino na Agadas da bidiyon Hendrix da Knopfler ya yi ta koyo lokacin da yake gudun hijira yana yaro. Mdou Moctar, bahago kamar Hendrix da Iommi, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma faifansa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da muryar nan ta kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne saurin da kunnena ya kama su. Sautuka biyar ɗin da nake ta haddacewa don bin 'yan Ingila da Amurka, su ne a nan, sai dai an bar tsirkiya mai kauri a sake tana gunji a ƙasa, yatsu na wasa a sama, ga tafi yana riƙe da lokaci. Wanda ya tashi yana jin goge da gurmi ba zai ji shi baƙo ba. Matsalata bugun ne, don yana tafiya uku-uku, hannuna kuwa ya saba da huɗu-huɗun AC/DC, da na saki jiki sai ya koma can. Yanzu kafin in ɗauki jita ina fara bin waƙar da tafi kawai, ƙafa na buga ƙasa, sai ya zauna a jiki sannan in taɓa tsirkiya.

Hunturu ya shigo, katako na bushewa. Bakin ƙarafan gaɓoɓi sun fara fitowa a gefen wuyan jitata suna kartar hannu, saiti kuma ba ya kwana. Ina sa ta a jakarta tare da ɗan soso mai danshi cikin leda da na huda, nesa da taga. Mai irin wannan matsala ya gwada ya gaya mana.

Aikin wannan wata shi ne saitin Keith Richards na Rolling Stones, wanda ke cire tsirkiya mafi kauri ya bar biyar, ya saita su yadda in an kaɗa su a sake za su ba da kamun G. Yatsa ɗaya a kwance ya isa sauya kamu, don haka hankalina duka zai tafi hannun dama. Ni ba zan cire tawa ba, zan dai danne ta da babban yatsa, don ƙunshin tsirkiyoyi guda ne ya rage mini a gida.