'Yan ruwa sun ture masu shan jini

Jiya na raka ƙanwata sayen jakar makaranta, sai na ga yawancin jakunkunan 'yan mata hoton 'yar ruwa ne a jiki, sama mace, ƙasa jelar kifi. Lokacin da muke sakandare, tsakanin 2008 da 2012, finafinan Twilight ne suka cika wayoyinmu, hirar kowa fararen samarin nan masu shan jini da ba sa tsufa.

Wallahi canjin nan ya yi mini daɗi. Duk kwalliyar da Turawa suka yi wa mai shan jini tun daga littafin Dracula na 1897, gawa ce da ke rayuwa da jinin wani. Mu da muka tashi da labarin mayu masu kama kurwa, ban ga abin so a nan ba.

'Yar ruwa kuwa hankalin yara take ja. Da kamfanin finafinai na Disney ya saki tallar fim ɗinsa na 'yar ruwa, The Little Mermaid, a 2022, aka ga baƙar fata, mawaƙiya Halle Bailey, ce 'yar ruwan, bidiyon ƙananan yara baƙaƙe suna tsallen murna ya sa ni hawaye. A Weeki Wachee ma, wani wurin shaƙatawa a jihar Florida ta Amurka, tun 1947 mata ke wasa a ƙarƙashin ruwa a matsayin 'yan ruwa, har ya zama sana'a.

Sai dai 'yan ruwan da kakata ke ba mu labari ba sa murmushi, jan mutum suke yi, shi ya sa take hana mu zuwa rafi da almuru. Iyaye, jelar robar nan irin ta 'yar ruwa da ake sayar wa yara su sa tana haɗe ƙafafu wuri guda. Don Allah kada ku bar yaro ya shiga ruwa da ita shi kaɗai.