Tallafin da ke jiran ɗalibi baƙo da mai buƙata ta musamman a jami'o'in Saudiyya

'Yan'uwa ɗalibai, musamman sababbin zuwa Madina, Makka, Jidda da Riyad: jami'o'in ƙasar nan suna da tanadi mai yawa domin baƙo, da mai ƙaramin ƙarfi, da mai lalurar gani, ji ko tafiya. Sai dai tanadin a warwatse yake, kuma ba ya bin mutum ɗaki. Wanda bai yi rajista da wuri ba, haka zai yi ta wahala alhali haƙƙinsa na ajiye.

Ƙofar farko ita ce ofishin kula da harkokin ɗalibai, wato Imadatu Shu'unid Ɗullab. Galibi a ƙarƙashinsa masauki yake, da abinci, da asusun ɗalibai mai ba da rance da agajin gaggawa, da sashen masu buƙata ta musamman. Alawus ɗin wata na mai digirin farko Riyal 850 ne a fannonin shari'a da adabi, 1,000 a kimiyya, ana cire Riyal 10 a zuba a wannan asusu. Don haka neman rance a can ba roƙo ba ne, da kuɗinka a ciki.

Inda na fi so mu tsaya shi ne batun masu lalura, domin nan aka fi yin asara. Saudiyya ta kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman a 2018, ta kuma fitar da dokar kare haƙƙinsu a 2023. Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad har shirin karatu na musamman take da shi domin kurame. Amma komai yana farawa ne daga takardar likita. Wadda ka zo da ita daga Kano ko Maraɗi da Turanci ko Faransanci, a fassara ta zuwa Larabci a ofishin fassara mai lasisi, sannan ka kai ta asibitin jami'a su tabbatar. Ka yi wannan a makon farko. Mai neman wanda zai rubuta masa jarrabawa, ko ƙarin lokaci, ko a sauko masa da aji ƙasa saboda kekensa, idan ya bari sai jadawalin jarrabawa ya fito, an riga an raba ɗakuna da masu sa ido, sauyin ya yi wuya.

Makaho da ya koyi rubutun makafi na Turanci a gida sai ya sake zama ya koyi na Larabci, domin harafi irin su ع da ض da wasula suna da nasu ɗigogin. Manhajar NVDA, mai karanta wa makaho rubutun kwamfuta da murya, kyauta ce kuma tana karanta Larabci, amma ba ta iya karanta littafin da hotonsa kawai aka ɗauka kai tsaye, kuma yawancin muzakkarorin, wato takardun darasi, da ke yawo a wayoyin ɗalibai irinsu ne. Ka roƙi malam ainihin rubutun da aka buga a kwamfuta. Ka kuma tambayi sashen masu buƙata ta musamman a rubuce ko gurbin karatunka ya ƙunshi kuɗin mai karanta wa makaho. Shi ma kurma, maganar hannun da ya saba da ita a Kano daban take da ta Saudiyya, sai ya fara koyon ta nan tun kafin a shiga aji.

Wanda Larabcinsa bai nuna ba, kada ya ji kunyar zaman ma'ahadin koyon harshe, mataki huɗu cikin shekara biyu. Gaggawar tsallake shi kan jawo maki ya faɗi ƙasa da 2 cikin 5, a ba mutum gargaɗi, alawus ya tsaya. Gargaɗi uku a jere kuwa na iya kai wa ga kora.

'Ya'yan Hausawa da aka haifa a nan gurbin cikin gida za su nema, wanda sharaɗinsa igama mai rai, wato takardar izinin zama da ba ta ƙare ba. Na waje kuma ta shafin Study in Saudi ake nema, ɗan shekara 17 zuwa 25 ga digirin farko. Mata su duba Jami'ar Gimbiya Nura a Riyad da Ummul Ƙura a Makka. A kula sunan da ke fasfo ya zo daidai da na takardar sakandare, harafi ɗaya yana riƙe fayil.

Idan igama ta mutu banki kan rufe asusu, alawus ya maƙale, saboda haka ka tuna wa sashen fasfo na jami'a tun saura wata biyu.

Wanda aka wulaƙanta saboda launin fata, ƙasa ko lalura, jami'o'i da dama suna da kwamitin kare haƙƙin ɗalibi. Ka rubuta ƙorafi da Larabci, da rana, wuri da shaidu, ka miƙa cikin kwanakin farko domin akwai wa'adi, ka karɓi lambar shigar da takardar ka adana.