Wa ke da bakin cewa a dakata da yanka?

Aikin sare itatuwa a daji yana cikin ayyukan da suka fi cin rayuka a duniya, kuma abubuwan da ke kashe mutane a cikinsa sanannu ne. Bishiyar da aka yanka ta maƙale a jikin 'yar'uwarta ta ƙi faɗuwa, ko busasshen reshe ya ɓallo daga sama, ko bakin zarton inji ya taɓo wani abu ya yi tsalle ya dawo wa mai riƙe da shi. Ga asibiti can nesa, wani wurin ma ko sabis babu balle a kira mota.

Abin da ke ci min rai shi ne duk wanda ya daɗe a aikin ya san haka, ya san ƙa'idar barin tazarar tsawon bishiya biyu tsakanin mai yanka da kowa, amma in dai da yawan gumagumai ake lissafa kuɗinsa, kuma ɗan kwangila ne ya ɗauko shi ba kamfani ba, to ta ina zai iya ce wa oga yau iska ta yi yawa mu dakata? Gobe sai ya ji an ce a huta tukuna za a neme ka.

Amfanin wakilin ma'aikata ke nan, wanda su da kansu suka zaɓa, ba ɗan lelen manaja ba. Yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1981, ta ce ma'aikacin da ya janye daga aiki saboda ya hango haɗari na gab da rayuwarsa bai kamata a hukunta shi ba, kuma dole a riƙa sanar da wakilai matakan kariya. A 1998 ƙungiyar ta fitar da kundi na musamman kan aikin daji.

'Yan ƙasar Siwidin sun burge ni wallahi, wurin aiki mai mutum 5 dole a samu wakili, in sun kai 50 sai kwamiti, kuma wakilin yana da ikon tsayar da aiki nan take har hukuma ta zo ta duba. A Niyu Zilan kuwa sai da mutum 10 suka mutu a daji a 2013 aka yi bincike na musamman, daga baya dokar 2015 ta ba wakilin da ya samu horo damar ba da umarnin a tsaya.

Kwamiti kuma ni a ganina in a ofis kawai yake mitin ana cika fom, ɓata lokaci ne. Ya shiga dajin, ya ga gangaren da ake jan katako, ya tambayi masu zarto ko yatsunsu sun fara mutuwa saboda girgizar inji, ya rubuta har haɗarin da aka tsallake rijiya da baya ba wanda ya ji rauni. Leburorin ɗan kwangila su ma a ba su kujera, kuma ranar da wakili ya tsayar da aiki a biya kowa kuɗin wuninsa cif.